Wanda Ruwa Ya Ci a 1941: Bin Sawun Wani Fayaman Daga Kaduna Zuwa Gaɓar Saliyo

A gidanmu da ke Tudun Wada, Kaduna, an shafe fiye da shekara tamanin ana maimaita magana ɗaya game da kakana na wajen uba, wato cewa ya tafi Ikko a zamanin yaƙin Hitila, ya shiga aikin jirgin ruwa, ruwa ya ci shi. Babu wanda ya san sunan jirgin, ko shekarar da abin ya faru, ko ma wane ruwa ne ake nufi, har wasu daga cikin ƙannena suka taso suna zaton a kogin Kwara ya nitse. Mahaifina ya rasu bai san fiye da haka ba. Wadda ta rage daga 'ya'yan marigayin ita ce Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda aka haifa a 1940, kuma ba ta taɓa ganin uban da ya haife ta da idon wayo ba. Abin da ke biye bayani ne na yadda na bi sawunsa cikin wata goma sha huɗu, da inda na ɓata lokaci, da hujjojin da na dogara da su a ƙarshe. Goggo ta roƙi kada in rubuta sunansa ko sunan jirgin, na kuwa amsa mata. Ya isa a sani cewa akwai harafin fa a cikin sunansa na yanka, kuma za a ga amfanin wannan harafi nan gaba.

Abin da na fara da shi kaɗan ne ƙwarai. Akwai wata tsohuwar adaka da kakata ta bari, a cikinta akwai hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto a Ikko, inda yake tsaye da kwat da jar dara, sai kuma wasiƙa ɗaya da ya rubuto wa wansa da ajami. Sauran duk labarin baka ne, kuma labarin bakan ma ya zo da giɓi, domin kakata, bisa alkunya irin ta matan zamaninta, ba ta taɓa ambaton sunan mijinta na fari ba, balle ta zauna ta ba da tarihinsa. Abin da Goggo ta tattara ta tsinto shi ne daga bakin baffanta da kuma tsofaffin unguwa. Sun ce ɗan tsangaya ne da ya sauke Alƙur'ani a ƙasar Zazzau, ya zo Kaduna neman kuɗin haraji, ya sami aiki a loko yana zuba wa injin jirgin ƙasa kwal, aikin da 'yan reluwe ke kira fayaman. Daga nan hanyar dogo ta kai shi Ikko, inda ya ji cewa a bakin ruwan Apapa ana neman masu irin sana'arsa.

Kuskuren farko nawa ne, ya kuma ci mini kusan wata uku. Tunda an ce yaƙi, sai na ɗauka soja ne, na shiga neman sunansa cikin waɗanda aka ɗiba zuwa ƙasar Bama da ke Asiya a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon da kuma Gidan Arewa, ina duba fayilolin lardunan Arewa na shekarun yaƙi. Na karanta abubuwa masu yawa game da ɗibar soja, da tara gyaɗa, da aikin tilas da aka sa talakawa a ramukan kuza na Jos daga 1942, amma ban ga ko inuwar mutumin da nake nema ba, kuma da na yi tunani da kyau ba dalilin da zai sa in gan shi. Ma'aikacin jirgin kasuwa ba soja ba ne. Farar hula ne da ya sa hannu a yarjejeniya da kyaftin na tafiya ɗaya, ba shi da lambar soja, ba shi da bataliya, kuma ba razdan ko di'o ne ya ɗauke shi ba. Takardunsa suna bin jirgin, jirgin kuwa rajistarsa a Birtaniya take, saboda haka duk abin da aka rubuta game da shi can ya ƙare.

Da na gane haka sai na koma shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Komonwel. Jiragen kasuwan Birtaniya sun yi asarar mutum fiye da 30,000 a yaƙin duniya na biyu, kuma kusan 24,000 daga cikinsu, waɗanda ba su da kabari sai teku, an zana sunayensu a allunan tagulla a Tower Hill da ke Landan, a ɓangaren da aka buɗe a 1955. Na rubuta sunan kakana yadda muke rubuta shi da boko, ban sami kome ba. Na juya shi ta fuska biyar ko shida, nan ma shiru.

A nan ne matsalar da ta fi kowace girma ta bayyana, kuma duk Bahaushen da zai yi irin wannan bincike sai ya ci karo da ita. Akawun da ke ɗaukar ma'aikata a bakin ruwa yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, sau da yawa kuma ta bakin tafinta Bayarabe ko mutumin Saliyo. Ta haka Muhammadu ke komawa Momodu ko Momo, Ibrahim ya koma Braima, Abdullahi ya koma Abdulai, Usman ya koma Osman. Sa'an nan takardar tana neman sunan dangi irin na Turawa, abin da mutanenmu ba su da shi, sai a cike gurbin da sunan uba, ko sunan gari, ko kalmar Hausa kanta, wani lokaci ma a juya sunayen biyu a sa na gaba a baya. Wurin haihuwa kuma galibi tashar da aka ɗauki mutum ake rubutawa, shekarun haihuwa kuwa ƙiyasi ne da ido. Saboda haka suna, wanda shi ne mabuɗin binciken dangi a wurin Bature, a wurinmu shi ne hujja mafi rauni. Allunan Tower Hill kuwa an jera su ne bisa sunayen jirage, kowane jirgi da mutanensa a ƙarƙashinsa. Na fahimci cewa sai na nemo jirgin tukuna, sa'an nan in nemi mutumin a cikinsa, jirgin kuwa ba ya samuwa sai an san lokaci.

Lokacin ya fito ta hanyoyi biyu da ba su da alaƙa da juna, abin da ya sa na amince da shi. Hanya ta farko ita ce wasiƙar. Ni ajamina bai taka kara ya karya ba, don haka na kai ta wurin wani dattijon malamin allo a Rigasa, wanda ya karanta ta a zama ɗaya yana gyara tabarau. A ƙarshenta marubucin ya sa watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1360, wanda ya yi daidai da ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Afrilun 1941. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali da jinjirar da aka haifa, ya ce suna tsaye a Saliyo suna jiran ayari ya cika, ya ce aikin irin na loko ne sai dai a nan wutar ba ta mutuwa, awa huɗu mutum na zuba kwal a cikin zafi kamar na tanda, a ba shi awa takwas ya huta ya sake komawa. Ya kuma ce wannan ba shi ne jirgin da ya fara shiga ba, ya bar na farkon a Ikko. Kalmar ayari da ya yi amfani da ita ta burge ni, domin ba a sami wadda ta fi ta dacewa ba: jiragen kasuwa suna taruwa a Firitawun, babban birnin Saliyo, su tashi tare zuwa Liverpool da jiragen yaƙi masu rakiya da kuma madugu guda, kamar dai fataken Gwanja na dā. Turawa suna yi wa waɗannan ayarori lamba da haruffan SL.

Hanya ta biyu ta fito ne daga shari'a. Goggo ta ce mahaifiyarta ta jira damina biyu ba labari, sa'an nan iyayenta suka kai maganar gaban alƙalin gundumarsu, alƙali ya yanka mata shekara huɗu, ta yi takaba, aka ɗaura mata aure da kaka a shekarar da rana ta yi duhu tun kafin magariba. Wannan ya dace da hukuncin da aka sani a mazhabar Malikiyya game da matar wanda ya ɓace, cewa ana ƙidaya mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi iddar mamaci ta wata huɗu da kwana goma. Da ta so, da ta nemi a raba auren tun da wuri bisa rashin ciyarwa, amma wan mijin ya ɗauki nauyinta, ita kuma ba ta so a ce ta yanke ƙauna. Kusufin ranar da tsofaffi ke lissafi da shi kuwa shi ne na 20 ga Mayun 1947, wanda aka gani a Nijeriya. Idan aka cire takaba da shekara huɗu daga kakar 1947, an dawo tsakiyar 1943 ko kafin haka kaɗan, idan kuma aka cire damina biyu, an dawo 1941. Rijistar alƙalin kanta ban same ta ba, ko da yake na nema, amma lissafin tsohuwa da tarihin da ke jikin wasiƙa sun haɗu a wuri ɗaya.

Wannan ya ba ni damar kawar da wani zato da ya riga ya shiga zukatan dangi. Wani ɗan ƙanena da ke yawan shiga intanet ya ci karo da labarin jirgin Abosso na kamfanin Elder Dempster, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-575 ya nutsar a ranar 29 ga Oktoban 1942 a arewa da tsibiran Azores, mutum 362 suka halaka, 31 kaɗai suka tsira a kwalekwalen ceto guda. Ya tura labarin zauren WhatsApp na dangi, kafin gari ya waye an gama yanke hukuncin cewa a nan kakanmu ya rasu, har an fara yi wa juna ta'aziyya. Ban ga laifinsu ba, domin jirgi ne sananne a hanyar Ikko, akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa a cikin ma'aikatansa, asarar kuma mai girma ce. Amma abubuwa uku sun hana. Tafiyarsa ta ƙarshe daga Cape Town ya taso. Tsakanin wasiƙar da nutsewarsa akwai shekara ɗaya da rabi, kuma mutumin da ke rubuto wasiƙa yana aiko da kuɗi ba zai yi shiru tsawon wannan lokaci yana raye ba. Na uku, wanda ya fi ƙarfi, Abosso injin dizal gare shi, ba a zuba masa kwal. Haka ma 'yan'uwansa na kamfanin, Accra da aka nutsar a Yulin 1940, da Apapa da jirgin saman Jamus ya jefa wa bom a yammacin Ailan a Nuwamban 1940, da Adda da aka nutsar kusa da Firitawun ranar 8 ga Yunin 1941. Adda ya faɗo cikin lokacin da nake nema, amma mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa kwal yake zubawa ba a cikinsa yake ba. Sai da aka ɗan yi mini fushi kafin a saki Abosso, saboda mutane sun fi son amsa mai suna a kan jira.

Watannin da suka biyo bayan wasiƙar su ne mafiya muni a wannan gaɓa. Daga Maris zuwa Yunin 1941 Jamusawa sun turo manyan jiragensu na ƙarƙashin teku masu dogon zango zuwa ruwan Saliyo, inda rakiya ta yi ƙaranci, jirage da yawa kuma ke tafiya su kaɗai. U-107 kaɗai, ƙarƙashin Günter Hessler, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya, kuma ba a yi wata fita da ta fi ta ɓarna ba a duk yaƙin. U-69 ya lallaɓo ya dasa nakiyoyi a bakin Takoradi ta ƙasar Gana da kuma Ikko a watan Mayu. A Satumba kuma ayarin SL 87 ya tashi da jirage 11, aka nutsar da 7. Saboda haka jiragen da zan tace ba kaɗan ba ne.

Na yi tacewar ne da shafin uboat.net, wanda ke da bayanin kowane jirgin da jiragen ƙarƙashin tekun Jamus suka harba, da inda ya taso, da kayan da ya ɗauko, da adadin waɗanda suka mutu. Na ware masu injin tururi da aka nutsar tsakanin Afrilu da Satumban 1941, waɗanda suka taso daga tashoshin Afirka ta Yamma da gyaɗa ko ƙwarar manja ko koko ko kuza, kuma aka yi asarar rai a cikinsu. Daga nan na sayi katunan zirga-zirgar jirage da ma'ajiyar takardun Birtaniya da ke Kew ta ajiye a jerin BT 389, waɗanda ake iya saukewa ta intanet, kowane kati yana nuna tashoshin da jirgi ya tsaya da ranakun. Tambayar da na yi wa kowane kati ɗaya ce: shin wannan jirgi ya tsaya Ikko, sa'an nan yana Firitawun a cikin watan Rabi'ul Awwal? Jirage uku suka rage. Da na koma allunan Tower Hill ta sunayen waɗannan jirage uku, sai ga sunaye biyu a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, dukansu masu zuba kwal, dukansu kuma ana iya cewa gurɓataccen sunan kakana ne. Ɗayan an rubuta shi ta yadda ko shekara zan yi ina juya haruffa ba zan faɗa kansa ba.

A nan ne mai bincike ke cikin haɗarin yaudarar kansa. Suna biyu ne, mutum ɗaya nake nema, kuma yana yiwuwa babu shi a cikin biyun. Ɗaukar mamacin wasu a kai gida a ce namu ne zalunci ne ga iyalai biyu. Na yanke shawarar ba zan gaya wa Goggo kome ba sai na ga yarjejeniyar ma'aikatan jirgin.

Waɗannan yarjejeniyoyi na shekarun 1939 zuwa 1946 suna Kew a jerin BT 381, an jera su bisa shekara da lambar rajistar jirgi, ba bisa suna ba, kuma ba a sa su a intanet ba, sai an je an buɗe akwati. Na fara biyan wani da na samu a intanet wanda ya ce yana yin wannan aiki, ya karɓi kuɗi ya ɓace, abin da ya koya mini cewa gara a nemi kwafi kai tsaye daga ma'ajiyar ko a sami wanda aka sani. Daga baya wata tsohuwar ɗalibata da ke karatu a Landan ta yanki katin shiga, wanda kyauta ne, ta je ranar Asabar ta ɗauko mini hotunan shafukan da wayarta. Yarjejeniyar tana da gurabe na suna, da shekaru, da wurin haihuwa, da adireshi, da jirgin da mutum ya yi aiki a kansa kafin wannan, da ranar da wurin sa hannu, da muƙami, da albashi, da kuma dalilin barin jirgi. Asalin takardar tafiya ta ƙarshe ya nitse tare da jirgin, abin da ya rage kwafin ofis ne da hannun akawu ɗaya ya rubuta daga farko har ƙarshe, saboda haka babu sa hannun kowa a ciki. Mutanen biyu duk an rubuta musu Ikko a matsayin wurin haihuwa. Na farko an ɗauke shi a Liverpool tun farkon tafiyar, adireshinsa kuma wani gidan kwanan matuƙa ne a can. Na biyu an ɗauke shi a Ikko a watan Maris na 1941 don cike gurbi, albashinsa ƙasa da na abokan aikinsa da aka ɗauka a Ingila, kamar yadda aka saba yi wa waɗanda aka ɗauka a gaɓar Afirka, adireshinsa kuma sunan wata unguwa ce kawai a Ikko, ba lambar gida, ba sunan magaji.

Wannan gurbi na adireshi ya amsa tambayar da ta daɗe tana cin Goggo, wato me ya sa ba wanda ya aiko ya gaya wa mahaifiyarta. Babu inda takardar ta nuna cewa mutumin yana da mata da 'ya'ya biyu a Kaduna. Ko da an rubuta wasiƙar sanarwa, unguwar baƙi za ta je, inda fatake ke sauka su tashi. Game da haƙƙinsa kuwa, ƙa'idar da ake bi har zuwa watan Mayun 1941 ita ce albashin ma'aikacin jirgi yana tsayawa ranar da jirginsa ya nitse, ko da ya kwana goma a kwalekwale yana jiran ceto, sai dokar aikin dole ta wannan wata ta gyara hakan.

Gurbin da ya warware lamarin shi ne na jirgin da ya gabata. Mutum na biyu an rubuta masa sunan wani jirgin, wanda ya gama tafiyarsa lafiya ya koma Ingila, saboda haka asalin yarjejeniyarsa ta 1940 zuwa 1941 tana nan, da sa hannun kowane ma'aikaci. Na roƙi ɗalibar ta sake komawa. A shafin masu zuba kwal yawancin waɗanda aka ɗauka a gaɓar Afirka gicciye suka yi, akawu ya shaida, amma a layi ɗaya akwai suna da haruffan Larabci. Wannan kaɗai bai isa ba, domin jiragen Birtaniya na lokacin cike suke da masu zuba kwal daga Yaman da Somaliya, kuma wasunsu da Larabci suke sa hannu. Sai dai su rubutun gabas suke yi, inda fa ke ɗaukar ɗigo ɗaya a sama. Wannan sa hannu kuwa fa ɗinsa ɗigon a ƙasa yake, irin rubutun allo da ake koya a tsangayun ƙasar Hausa da Barno. Na buga hoton da girma, na koma Rigasa da shi tare da wasiƙar. Dattijon ya ajiye su gefe da gefe a kan buzu, ya daɗe yana dubawa, ya nuna mini yadda aka ja wutsiyar harafin ƙarshe ta koma ƙarƙashin kalmar a duka biyun, da yadda ɗigon ke karkata hagu, sa'an nan ya ce, "Malam, in ba hannu ɗaya ba ne, to allo ɗaya suka wanke." Ya kuma lura da abin da ni ban gani ba, cewa bayan sunan an ƙara sunan uba da ƙananan haruffa, sunan da akawun Bature bai rubuta da boko ba sam, kuma shi ne sunan mahaifin kakana.

Abu na ƙarshe da na nema shi ne yadda jirgin ya nitse. Rundunar ruwan Birtaniya tana yi wa kyaftin ko babban jami'in da ya tsira tambayoyi bayan kowace asara, kuma waɗannan rahotanni suna jerin ADM 199. Na wannan jirgi shafi biyu ne. An harbe shi da dare, makamin ya same shi a daidai ɗakin tukunyar injin, ya nitse cikin mintoci kaɗan, waɗanda suka sami shiga kwalekwale an tsince su daga baya. Rahoton ya ambaci jami'an da suka rasu da muƙamansu, masu zuba kwal kuwa adadinsu kawai ya bayar, ya ce suna bakin aiki a ƙasa lokacin da abin ya faru. Wanda ke wannan ɗaki yana ƙarƙashin layin ruwa, tsakaninsa da sarari akwai tsani mai tsawo, ga tururi mai ƙuna idan tukunya ta fashe, shi ya sa mutanen injin ke da yawa a jerin matattun kusan kowane jirgin da aka harba a tsakiya.

Idan aka auna hujjojin, abubuwa biyar sun dace: lokaci, da tasha, da sana'a, da canjin jirgi a Ikko kamar yadda wasiƙa ta faɗa, da sa hannu mai ɗauke da sunan uba. Abubuwa biyu ba su dace ba, wato wurin haihuwa da shekaru, domin an rubuta masa 35 alhali a lissafin dangi bai wuce 28 ba. Ban ba waɗannan biyun nauyi ba saboda dalilan da na riga na faɗa, musamman da na ga a shafin guda an yi wa mutum huɗu a jere shekara 35. Na so in sami katinsa na rajistar ma'aikatan jirage, wanda kan zo da hoto, don in gwada da na cikin adaka, amma ba a sami nasa ba, abin da ba baƙo ba ne ga wanda aka ɗauka a Ikko kuma ya rasu a 1941. Hukuncina shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira rinjayen zato, mai ƙarfin da zan iya tsayawa a kansa gaban dangi. Mutum na farko mai kama da sunan na bar shi inda na same shi.

Na kai wa Goggo bayanin bayan sallar la'asar, na zauna a bakin tabarmarta na karanta mata a hankali. Ba ta tambayi sunan jirgin Jamusawan ba, ba ta kuma tambayi diyya ba, ko da yake wasu daga cikin matasan gidan wannan suka fara tambaya. Ta ce, "Ɗan nan, a wane wata ne na Musulunci?" Na riga na juya ranar, na gaya mata. Ta lissafa da yatsu, ta ce ashe lokacin ba a ma yaye ta ba. Limamin unguwa, da aka kira shi, ya tuna mata hadisin da ya ƙidaya wanda ruwa ya ci a cikin shahidai, aka kuma sa ranar sauke Alƙur'ani da sadakar waina a watan da ta tambaya.

Abin da ya rage a hannuna yanzu shi ne batun gyaran suna. Hukumar kaburburan yaƙi tana karɓar buƙatar gyara bayanan mamaci idan an kawo hujja a rubuce, kuma tun bayan rahotonta na 2021, inda ta amsa cewa ba a yi wa dubban 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a yaƙin duniya na farko adalci wajen tunawa da su ba, ta ƙara mai da hankali ga irin waɗannan lamura. Na haɗa hoton wasiƙar, da sa hannun, da fassarar da wani malamin Larabci ya yi ya sa hannu, da bayanin yadda dangantakarmu take. Buƙatata ita ce a ƙara sunan mahaifinsa da garinsu da sunan matarsa a rijistar hukumar, ko da ba a taɓa tagullar ba. Wahalar ita ce ana son takardar hukuma da ke nuna yadda ake rubuta sunan daidai da boko, shi kuwa bai taɓa rubuta sunansa da boko ba, kuma ba a yi masa takardar haihuwa ba. Takarda mafi kusa da na samu ita ce shaidar gama firamare ta mahaifina ta 1952, inda hedimasta ya rubuta sunan uba a gurbinsa, kuma ita na sa a saman fayil ɗin da na aika.